Baturen da Ba Ya Sakin Makara

Daga Allah muke, kuma wurinSa muke komawa ɗaya bayan ɗaya. A bazarar nan aka kira mijin ƙanwata, mutumin Ostireliya, wanda ya zauna tare da mu Hausawan unguwar Sharafiyya sama da shekara arba'in. Na ɗauki alƙalami ne saboda a Jidda ba a rubuta suna a kan kabari. Dutse ne kawai a wajen kai, bayan 'yan shekaru ko mai gadin maƙabarta ba zai iya nuna maka wurin ba. Abin da mutane suke faɗa a kanka shi ne yake saura, kuma abin da na ji ana faɗa a ranar farko ta makokinsa bai cancanci ya zama shi ne ya saura ba.

An jera kujeru a lungu bayan magariba, an rataya fitilu, kamar yadda ake yi wa kowa. Ni da mijin 'yarsa muka tsaya a layin masu karɓar gaisuwa. Mutanen unguwa suka riƙa wucewa suna dafa mana kafaɗa, "Azzamallahu ajrakum, Allah ya jiƙansa," sannan su zauna a ba su gahawa. Kunnena bai mutu ba tukuna, na ji abin da ake cewa a kujerun baya.

"Ashe nan aka binne shi?"

"Wallahi ni na ɗauka ofishin jakadancinsu ne zai sa shi a jirgi. Ai su ba sa barin nasu."

"Ni sai da la'asar na duba waya."

"To yau wa ya riƙe makarar, tunda mai riƙon ne a ciki?"

Wani ya tura dariya cikin gefen rawaninsa. Wani ya ce, "Haram alaik, ya shaikh," amma shi ma muryarsa da sauran dariya.

Ga amsar da ba su tsaya ji ba. A unguwarmu idan an yi rasuwa ba a jiran gayyata, maza sukan taru a ƙofar gida tun kafin a gama wanka. Ranar da ya rasu babu wanda ya hau bene ya tambaya. Kowa ya yanke a ransa cewa harkar Turawa ce, ta takardu da akwati. An yi masa salla da azahar a masallacin da ke kusa da maƙabarta, baƙi suka cika sahu, Allah ya saka musu. Daga mota zuwa bakin kabari kuwa, waɗanda suka ɗauke shi su ne mijin 'yarsa, da direban motar gawa, da leburori biyu na maƙabarta, 'yan Bangaladash. Ni na bi su a baya da sanda, gwiwoyina ba sa ɗaukar ko buhun shinkafa yanzu.

Da ƙanwata ta ji haka ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Da yamma matan maƙwabta suka aiko da abinci, manyan tire na shinkafa da nama, kamar yadda aka saba. Ta sa aka mayar da kowanne gidan da ya fito, ba a ko ɗaga murfin ba.

"Yaya," ta ce mini, "ba zan ci shinkafar mutanen da suka bar shi a hannun leburori ba. Ina gama takaba zan bar unguwar nan."

A wannan lungun aka haife ta, a nan ta tsufa. Na san kuma ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Ya zo Jidda yana saurayi, yana gyaran injinan ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwa. Ni a lokacin ina aiki a jirgin dakon kaya, ina yawo tsakanin Bur Sudan, Mombasa, Marsai da Singafo, da Turancina da Faransancina na bakin teku. A tasha muka haɗu. Dogo ne, ja kamar an gasa shi, ba ya son magana. Ya musulunta a hannun wani malami ɗan Yaman kafin ya san gidanmu, kada wani ya ce don aure ya yi. Da ya nemi ƙanwata mahaifinmu ya yi wata guda yana juya maganar, daga baya ya ce mutumin da yake zuwa asuba kafin ladan ba za a ce masa a'a ba. Bayan ya bar tasha ya buɗe ƙaramin garejin gyaran famfo da na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Khumra. Babu gida a lungunmu da bai taɓa kwance wa injin ruwa ba, kuma idan aka tambaye shi ladan aiki sai ya ce, "Shayi. Madara, ba sukari."

Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba. Yakan ce wa mace "kai", ya ce wa namiji "ke", yara su faɗi ƙasa don dariya, shi ma ya taya su. Idan rigima ta tashi a gida maganarsa ɗaya ce: "Halas, Yaya, kowa yana da rai." Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin kalmomi.

Yana tafiya yana kallon ƙasa. Ko a kan kwalta, idonsa yana gaban ƙafarsa. Idan an haƙa rami a titi an mayar da ƙasa, sai ya kewaye. Ranar salla, idan yara suka fara fasa abin wasan wuta, yakan shiga ɗaki ya rufe taga ya kunna rediyo. Ya taɓa gaya mini ya yi soja a Biyetnam, wai ƙuri'a aka jefa da ranakun haihuwa tasa ta fito, aka ɗauke shi daga gonar tumakin ubansa. Na tambaye shi me ya yi a can. Ya ce, "Dako." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Lokacin da ƙafafun mahaifiyarmu suka daina ɗaukarta, tana hawa na uku, ga bene mai ƙunci, ga asibiti duk mako. Mu 'ya'yanta muna ta shawarar kujera da igiya, shi sai ya durƙusa a gabanta ya juya baya. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni? Suruki ya goya ni? Ku kashe ni kawai ku huta!"

"Yalla, Inna," ya ce, "kai ba nauyi."

Ya goya ta har ƙarshen rayuwarta, tana rufe da fuska tana mita tun daga sama har ƙasa. A bayan idonsa kuwa takan ce mu duka ba mu kai takalminsa ba.

Abin da ya ɓata shi da unguwa makara ce. Kowa ya san yadda muke yi: ka kama, ka yi 'yan taku, ka saki wani ya karɓa, don lada ta zagaya. Haka na gani a Kano, haka a Omdurman, haka a tsibirin Jawa. Shi kuwa ba ya fashin jana'iza, ta babba ko ta yaro, ta ɗan gida ko ta baƙon da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Yakan kama hannun gaba na hagu tun daga ƙofar masallaci, kuma ba ya saki sai an sauke a bakin kabari. A dafa masa kafaɗa, a ja masa riga, kamar ana taɓa bango. Daga nan aka sa masa Baturen Makara. Wasu suka ce jahilcin sabon shiga ne, wasu suka ce rowar lada.

Ranar jana'izar mahaifin babban maƙwabcinmu, mai shagon turare, abin ya fashe. Mai turare ya zo karɓar hannun gaba, wurin da ɗa yake so ya riƙe wa ubansa. Surukina bai saki ba.

"Kama can, ɗan'uwa," ya ce. "Nan nawa."

"Ubana ne ko naka?"

Surukina ya ci gaba da tafiya, bai saki ba. Mai turare ya bi gawar ubansa yana riƙe da gefe kamar baƙo. Ba zan ce ba a yi masa laifi ba, an yi. Da daddare surukina ya je ba da haƙuri, aka ƙi buɗe masa ƙofa. Tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa, kuma mai turare mutum ne da ake jin maganarsa a majalisa. Na tambayi surukina dalili, ya ce a ƙasarsu haka ake yi. Na taɓa ganin jana'izar Turawa a Marsai, mutane shida cikin baƙaƙen kaya daga farko har ƙarshe, sai na ɗauka ragowar al'ada ce, na bar maganar.

A rana ta uku ta makoki, bayan magariba, tasi ta tsaya a bakin lungu. Wata Baturiya mai furfura ta fito da keken guragu daga bayan mota, ta taimaka wa wani tsoho ya zauna. Ba shi da ƙafafu daga gwiwa. Mahaifinta ne. 'Yar marigayi ce ta kira shi a waya tun uban yana asibiti, ya taso daga wancan ƙarshen duniya, bai riske shi da rai ba. Matar ta hau wajen mata, aka turo tsohon tsakiyar kujeru. Duk idanu suka koma kansa. Da yake ni ne mai Turanci, aka matso mini da kujera kusa da shi. Aka ba shi gahawa, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya shanye don ladabi.

Mai turare ne ya ce, "Alhaji, tambaye shi, ɗan'uwansa ne?"

Na tambaya. Tsohon ya ce a'a, tare suka yi yaƙi. Sai ya dube ni ya ce ko an san abin da marigayi ya yi a can. Na ce ya gaya mana dako ya yi. Tsohon ya yi wata dariya da ta koma tari.

"Dako kam ya yi," ya ce. "Ku ba ni dama in faɗa. Na yi alkawari ba zan faɗa ba yana raye."

Ya riƙa magana yana tsayawa, ni ina juyawa da Hausa, wani lokaci in maimaita da Larabci don samari.

Surukina mai ɗaukar waɗanda aka raunata ne. Wata rana suna sintiri a wani fili mai ciyawa a gefen daji, ɗaya daga cikinsu ya taka nakiyar da aka binne. Aka ɗora shi a gadon ɗaukar masu rauni, surukina yana riƙe da hannun gaba na hagu. Sun yi tafiya mai nisa cikin zafi da taɓo, tafin hannunsa ya tsage yana jini.

"Ni na ce ya ba ni," in ji tsohon. "Ya ƙi. Na zage shi, na ce kada ya yi mana taurin kai ya yar da mutum. Sai ya ba ni. Ya koma baya yana ɗaure hannu. Ban yi nisa ba na taka ta biyu."

Ya dafa abin da ya rage na cinyarsa.

Fashewar ta watsar da duk masu ɗauke da gadon. A daidai lokacin aka buɗe musu wuta daga cikin itatuwa. Hafsansu ya yi ihu kada kowa ya motsa, domin ba wanda ya san inda sauran nakiyoyin suke. Surukina ya kwanta rub da ciki, ya zare wuƙa, ya riƙa soka ƙasa a hankali a gabansa yana jan jiki, harsashi yana yanke ciyawa a kansa. Ya isa wurin wannan tsohon, ya ɗaure masa cinyoyi, ya ɗora shi a baya, ya dawo ta kan sawunsa. Ya koma ya ɗauko wani. A komawa ta gaba ƙarfe ya shige shi a baya, bai tsaya ba. Na ƙarshe da ya jawo shi ne wanda suke ɗauke da shi tun farko, amma kafin a isa da shi ya cika.

Ni na yi wa surukina wanka. Na ga bayan nan. Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, sai dai idan alheri ne, don haka na gaya wa mutanen lungu a wurin cewa tabon yana nan, tun daga kafaɗa har ƙugu.

Tsohon ya sa hannu a aljihu ya fito da lambar yabo, ƙyallenta ya koɗe. Ya ce an ba marigayi ita, shi kuma ya kawo masa asibiti ya tura ƙarƙashin matashinsa, ya ce ta wanda ya taka masa nakiyarsa ce. Marigayi bai taɓa yarda jarumta ya yi ba. A wurinsa, ya gaji ya miƙa wa wani wurinsa, wani ya rasa ƙafafu. Kunyar wannan ce ta hana shi zama a garinsu, inda kowa yake son ya saya masa abin sha ya ji labari.

"Shekara da shekaru ina gaya masa ni na ƙwace, ba shi ya ba ni ba," in ji tsohon. "Ba ya ji. Ya ce mini ya rantse ba zai sake miƙa wa kowa hannun gaba ba."

Ya ajiye lambar a kan teburin gahawa, tsakanin ƙananan kofuna. Babu wanda ya taɓa ta. Na saci kallon mai turare. Carbinsa ya tsaya a hannunsa.

Da a nan tsohon ya yi shiru, da da sauƙi. Amma ya dubi kujerun nan cike da mutane, fuskarsa ta saki, ya ce in gaya musu ya gode. Ya ce duk shekara suna magana a waya, kuma ya sha tambayarsa me ya riƙe shi a wannan gari mai zafi. Amsarsa kullum ɗaya ce: ya samu mutanen da ba sa barin mamaci ya tafi shi kaɗai, ko ba su san shi ba sai sun sa kafaɗa. Ya ce yanzu ya gani da idonsa, hankalinsa ya kwanta.

Na yi tafinta a tashoshi da kotunan jiragen ruwa da asibitocin alhazai, ban taɓa jin harshena ya yi nauyi irin na ranar ba. Na so in taƙaita. Mijin 'yar marigayi, wanda yake jin Turanci kaɗan, ya dube ni ya ce, "Faɗa musu duka, Kawu." Na faɗa duka, da Hausa, na sake da Larabci.

Ba wanda ya ɗaga kai. Mai dariyar ranar farko ya tashi kamar zai amsa waya, bai dawo ba. Tsohon ya ɗauka baƙin ciki ne ya rufe mana baki, ya riƙa gyaɗa kai yana cewa ya gane, ya gane. Ba mu gyara masa ba. Ya koma ƙasarsa da wannan zaton, kuma har yau ban san ko alheri muka yi masa ko ƙarin abin kunya muka yi wa kanmu ba.

Bayan isha mai turare ya kama hannuna ya ce in raka shi sama. Matarsa ta riga ta dafa abinci, shi da kansa ya ɗauko tiren, mutumin da ko ledar kasuwa ba ya riƙewa. Ya hau benen yana haki. Ƙanwata tana takaba, ta tsaya a bayan ƙofa, ni a tsakani.

"Hajiya, ni ne."

"Na ji muryarka."

"Hajiya, ban sani ba. Wallahil azim ban sani ba."

"Me ne ba ka sani ba, Alhaji? Labarin yaƙi? Ni ma da nake matarsa sai yau na ji rabinsa. Amma ka san ya ɗauki ubanka. Ka san ya ɗauki ƙanenka. Sai da Bature ya zo da keke ya gaya muku sannan ya zama mutum?"

Mai turare ya sunkuyar da kai. Tiren yana nan a hannunsa.

"Ki yafe mana," ya ce. "Kada ki tashi daga unguwar nan saboda mu."

Muryarta ta fito daga bayan ƙofa.

"Shi bai riƙe kowa a zuciya ba, wannan na sani. Ni ce nake riƙe. Ajiye a ƙofa."

Ya ajiye, muka sauko.

A unguwarmu ba a mayar da kwano wayam, ko daga gidan makoki ne. Akan sa ko dabino kaɗan, ko sabulu, alamar an karɓa da zuciya ɗaya. Washegari da hantsi aka kai wa matar mai turare tirenta. An ci abincin, an wanke tiren tas, an goge. Babu komai a ciki. Ta gane, mu ma mun gane. Ƙanwata ba ta sake maganar tashi ba, ba ta kuma ce ta fasa ba, takabarta da saura.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maka daga nesa, da bayansa yadda Ka gani. Ka sauke masa abin da ya ɗauka, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Mu kuma da muka rage a lungun nan, Ka rufa mana asiri ranar da za a ɗauke mu.